Baƙin Man da Ya Ƙaru a Sokode

Tun da na dawo daga Togo ba a bar ni na huta ba. A wurin aiki ana miƙo mini takardar magani ana tambayata wai da gaske rikici ya rutsa da mu. A gidan biki kuwa sai a ja ni gefe a ce, “Ke Uwani, wai ke kika tuƙa har can?” Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kowa kuma da guntun da ya riƙe, har na tsinci wata tana faɗa wa mutane wai motata ta ƙone ƙurmus. Motata tana nan a ƙofar gida, lafiyarta ƙalau. To ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa.

Gwaggo Ladi ce ta tashe mu. Ita ce yayar Babana, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, lokacin ko wanka bai iya yi wa kansa ba. Wani falken shanu ya aure ta ya tafi da ita Dapango, can arewacin Togo, tun ba a haife ni ba. Sanda Baba yake jan gingimari yakan biya ya gan ta, amma tun da idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi, shekara goma sha tara ke nan ba su haɗu ba. Wata safiya ɗanta Idi ya bugo waya ya ce ɓarin jikinta ya shanye, magana ma da ƙyar take fita, amma ta ba da saƙo: “Ku ce wa Auta in yana so ya same ni, ya taho.” Baba ya haura saba'in, amma a wurinta har yau Auta ne. Ya ajiye wayar ya ce mini, “Uwani, ki kai ni.” Bayansa ba zai ɗauki motar haya ba, don haka na nemi hutu a asibiti na ce mu tafi a tawa.

Sai na ɗan yi muku bayanin motar, don ita ce rabin labarin. 'Yar Kwatano ce, injinta ɗan ƙarami amma da tobo mai ƙara masa ƙarfi, kuma irin na zamanin nan ne da ake fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Littafinta ya ce sai baƙin mai sintetik, mai ruwa-ruwa. Wanda aka saba zuba mata tsadarsa ta ishe ni, sai na samo wani mai araha, wajen rabin kuɗin wancan. Aikina ne karanta bayan kwalba, don haka na duba lambobin da ke jikinsa na ga sun yi daidai da na littafi. Na sayi galan biyu, aka yi juye da ɗaya, ɗayan na jefa a but. Ranar da Baba ya murza man a yatsunsa tsaki ya ja.

“Wannan ai ruwan shayi ne. Mu da muka ci hanya, man da muke zubawa sai ka jira shi ya sauko daga gwangwani.”

Na ce, “Baba, zamani ne.”

Ya ce, “Zamani ne ya ce ki sayi na araha?”

Shi kuwa yana da al'adarsa da ba mai raba shi da ita. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba sai ya karɓi makulli ya tayar da motar, ya bar ta a silo, inji yana aiki tana tsaye, wajen rabin awa, yana zaune a ciki da carbinsa. Wai direban da ya san mutuncin inji ba ya hawa hanya sai inji ya yi ɗumi. Ban taɓa hana shi ba, don abin da ya rage masa ke nan na tuƙi.

Daga Zariya muka bi ta Kwantagora muka kwana a Busa, washegari muka kama hanyar Kayama. Damina tana ƙarewa, hanyar duk ramuka cike da ruwa, Baba kuma yana gefe yana tuƙi da baki. “Kauce. Rage. Wa ya koya miki shiga rami da gudu?” Na ce, “Kai.” Ya yi kamar bai ji ba.

A bodar Cikanda wani jami'i ya leƙo ya gan ni riƙe da sitiyari, amma sai ya zagaya wajen Baba ya ce direba ya kawo lasisi. Ni ina miƙa nawa ta wannan taga, Baba ya riga ya zaro nasa daga aljihun 'yar ciki, wanda ya mutu tun ina makarantar sakandare. Jami'in ya dubi hoton saurayi mai gashin baki, ya dubi tsohon, ya kira abokin aikinsa suka yi ta dariya, har da sara masa. A ɓangaren Benin kuwa Faransanci ya tare ni, ban san ko a ba. Nan Baba ya ba ni mamaki, ya riƙa jefa musu guntayen da ya tsinta a hanya shekaru da yawa, suna gyara masa yana musu, har aka buga mana hatimi. Muka kwana a Faraku a wani masauki mai tsabta, inda aka kawo mana burodi dogo kamar sanda, mai tauri, Baba ya ce haƙoransa uku ba na gwaji ba ne, a kawo masa koko.

A Faraku muka yi rigimarmu ta farko. Ni na duba taswira na ga in muka bi ta Jugu muka faɗa Kara, mun yanke hanya, ranar za mu kwana a Dapango. Baba ya ce a'a, ta Camba za mu bi mu sauka Sokode. A unguwar Koma akwai gidan da ya yi shekaru yana sauka, maigidan ya rasu bai je gaisuwa ba, ba zai wuce ta bayan gida kamar ɓarawo ba. Kwana ɗaya tak. Na ce, “Baba, Gwaggo fa jira take.” Ya ce, “Na fi ki sanin Yaya.” Na haɗiye maganata na tayar da mota.

Da la'asar muka shiga Sokode. Koma tsohuwar unguwa ce, lunguna matsattsu, masallaci kusan a kowace kwana, da ƙyar na cusa motar ta ƙofar gidan. Uwargidan marigayin, Hajiya Memuna, wadda kowa ke kira Mma, Bakotokoliya ce 'yar asalin garin, doguwa mai murya kamar ta ladan. Tana ganin Baba ta tafa hannu ta yi guɗa. Ni kuma ta kama kafaɗata ta ce, “Kai ne ɗiyan Ɗanjuma? Kai ka kawo mota? Barka, barka!” Ɗanjuma sunan Baba ke nan. Hausarsu haka take, mace da namiji duk kai ne, ga Faransanci a tsakiya, kwana biyu sai kunne ya saba. Gaisuwarsu kuwa ta fi tamu tsawo, ana durƙusawa ana amsawa da gajeren sauti, sai ka ɗauka an gama a sake sabuwa. Aka daka mana sakwara, mata uku a turmi ɗaya, da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, wato cukun Fulani mai laushi. Na ci har na ji kunya.

Washegari da hantsi muna haɗa kaya sai muka ji gari ya ɗauka. Dama ana ta zanga-zanga a ƙasar a 'yan watannin nan, mutane na neman a sa wa mulki wa'adi, kuma Sokode ce cibiyar abin. Mu baƙi ba mu san ranar ce za ta ɓaci ba. Kafin azahar an tare babbar hanya da itatuwa da tayoyi masu ci da wuta, hayaƙi mai sa hawaye ya shigo har tsakar gida, Mma ta sa aka rufe ƙofa aka jiƙa tsummoki. Na ji ƙarar da ban taɓa ji ba sai a talabijin. Tsoro dai na ji shi, ba zan ɓoye muku ba.

Kwana ɗayan Baba ya zama biyar. An yanke intanet, wutar unguwar ma ta ɗauke, amma kiran waya yana shiga jefi-jefi. Kullum Idi sai ya kira. Ranar farko ya ce tana tambaya ko mun taso. Rana ta uku ya ce ta daina karɓar tuwo, sai ruwan koko. Rana ta huɗu bai ce komai ba sai, “Yaya Uwani, ku yi ƙoƙari.” Baba ya daina hira. Ni kuwa haushinsa ya cika mini ciki, don da mun bi ta Jugu da tuni muna gefenta. Ban faɗa ba, amma na san ya ga alama a yadda nake dangwarar masa da kofin shayi.

Abin da ya riƙe Baba a kwanakin nan motar ce. Safe da yamma yana tayar da ita, wai kada batir ya kwanta, kada inji ya yi sanyi ranar da hanya za ta buɗe. Da maƙwabta suka gano ana iya cajin waya a ciki, shi ke nan, gidan Mma ya zama kasuwa. Kowa yana da ɗa ko miji a wani gari da yake so ya ji lafiyarsa. Mata suka riƙa shigowa ta ƙofar baya da wayoyi a ƙullin zane, Baba yana karɓa yana jerawa, motar tana silo awa biyu, awa uku. Suna sa masa albarka, wata ta kawo ayaba, wata ta kawo ƙwai. Ni ma ban ga laifin abin ba, har daɗi na ji ya samu abin yi.

Rana ta biyar da safe aka ce gari ya ɗan lafa, mai yiwuwa gobe a bar motoci su wuce. Baba ya ce in buɗe bonet a duba komai. Na zaro gejin mai na goge na mayar na sake zarowa, sai na ga man ya wuce layin sama da kusan faɗin yatsa. Har na yi murna, na ce, “Baba, ka ga man da ka raina, duk tafiyar nan ko ɗigo bai ragu ba, har ƙaruwa ya yi.” Ku ma kun san yadda muke yabon mota a gida, a ce ai ba ta shan mai. Baba ya karɓi gejin ya murza a yatsa, ya kai hanci, sai fuskarsa ta canza.

“Ba na faɗa miki ba? Jabu ne! An haɗa shi da kananzir. Ji yadda ya tsinke kamar ruwan wanke kwano. Da wannan za ki hau duwatsun Bafilo? Inji zai buga mana a daji, Yaya ta tafi ban gan ta ba, saboda kin ƙi sayen mai na kirki!”

A gaban Mma da matan gida ya faɗa. Jama'a, raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Maganar Jugu ta zo mini har bakin leɓe, Allah ya taimake ni na danne ta, na shige ɗaki na yi kukana. Ina ciki na ji yana cewa a nemo masa mai kauri, irin na manyan motoci da ake aunawa a kwalba, a zubar da wannan. Mma ce ta ce a dakata, akwai wani makanike a bayan masallacinsu, garejinsa a rufe yake amma yana gida.

Sunansa Fuseni. Gajere ne mai furfura a gemu, ya shigo da silifas da 'yar jakar sifanu, ya durƙusa ya gai da Baba tukuna kafin ya ko dubi motar. Ya ce ya yi shekaru a Lome yana gyaran irin waɗannan motocin. Ya zaro geji ya shinshina. Ya ce in kawo farar takarda da ɗayan galan ɗin da ke but. Ya juya galan ɗin ya duba hatimin murfi, ya karanta bayansa a hankali yana bi da yatsa, ya nemi littafin motar ya gwada. Sannan ya ɗiga man inji a gefe ɗaya na takardar, ya fasa sabon ya ɗiga a ɗaya gefen, ya ajiye a rana. Jim kaɗan sabon yana nan a dunƙule, na injin kuwa ya baje, da wani zobe fari-fari kewaye da shi. Ya miƙa wa Baba bakin galan ɗin.

“Baba, shinshina wannan. Akwai kananzir?”

Baba ya shinshina sau biyu. “Babu.”

“Daga wuri ɗaya Hajiya ya saye su, rana ɗaya. Mai ɗin ba shi da laifi. Baba, baƙin mai ba ya haihuwa. In ka ga ya ƙaru, wani abu ne ya shiga. Wannan esansi ne, fetur.”

Ya yi mana bayani dalla-dalla. A irin wannan inji fetur ba ya bi ta kabireta, cikin silinda ake fesa shi. In inji yana silo, bai yi zafi sosai ba, ba duka ke ƙonewa ba, saura sai ya bi bango ya zurara ƙasa ya haɗu da baƙin mai. A doguwar hanya zafi yakan kore shi, amma mota tana tsaye tana silo, taruwa kawai yake yi. Tobo kuma ƙarfe ne da ke juyawa da gudun da ido ba ya gani, a kan ɗan siririn mai yake kwance. In man ya tsinke aka hau dutse da shi, tobo zai ci kansa, sabo kuma sai an aika Lome, ga hanya a rufe.

Baba ya ce, “To a zuba mai kauri.”

Fuseni ya girgiza kai. “Mai kauri na gingimari ne, Baba. Hanyoyin mai a nan sirara ne kamar tsinken tsintsiya, kafin mai kauri ya isa tobo an gama ɓarna. Wannan mai araha, in dai na gaske ne kuma lamba ya yi daidai, yana aiki. Na zuba shi a motoci da yawa. Bambancinsa da mai tsada, ba a barinsa ya daɗe, a yi bidanji, wato juye, da wuri. Mai tsadan ma da shi ke ciki, haka esansi zai shige shi.”

Sai ya yi tambayar da nake tsoro. “Wa ke barin mota a silo?”

Ni da nake jiran ranar da gaskiyata za ta fito, sai na ji ba na so. Na dubi Baba na ga ya sunkuyar da kai, carbi ya tsaya a hannunsa. Mma ta yi wuf ta ce, “Mu ne! Mu da wayoyinmu, duk unguwa!” Fuseni ya dubi Mma, ya dubi tsohon, na ga ya gane. Sai ya gyara durƙuso ya ce shi ma motar farko irin wannan da aka kawo masa, haka ya riƙa ɗumama ta kullum kamar yadda maigidansa ya koya masa, har ya kashe mata tobo, ya kusa barin sana'a don kunya. Ya ce, “Duk wanda ya koyi aiki a hannun manya haka zai yi. Injin ne ya canza hali, ba a yi mana sallama ba.” Ko da gaske ya yi wannan kuskuren, ko don Baba ya ƙirƙira, har yau ban sani ba. Baba ya ɗago ya ce, “Ba su ba ne. Ni ne. Tun daga gida ni ne.”

Saura filta, don ban zo da ita ba, shaguna kuma duk a rufe. Fuseni ya kwance tsohuwar ya naɗe a leda ya ce akwai mai kayan gyara da ya sani a wancan ɓangaren gari, zai je gidansa. Na ce kada ya fita, ba a gama harbe-harbe ba. Ya ce, “Hajiya, tsoho yana so ya ga yayansa.” Ya fita ta ƙofar baya a ƙafa. Awa uku muna zaune, duk ƙarar da na ji sai in ce in wani abu ya same shi me zan ce wa iyalinsa. Bayan azahar sai ga shi, idanu jajur saboda hayaƙi, silifas ɗaya ya tsinke, filta a cikin riga.

Ya tsiyaye tsohon man a wani tsohon kwano, kowa ya ji warin fetur har daga bakin murhu. Ya zuba sabon, ya gwada geji sau biyu. Da galan ya ƙare sai ya ɗauki sukudireba ya huda shi wuri uku. Mma ta yi salati, don tun ɗazu ta sa wa galan ɗin ido za ta riƙa zuba kananzir. Fuseni ya ce haka yake yi wa kowane galan, don in ya fita da lafiyarsa gobe za a cika shi da man banza a manna murfi a sayar wa wani. Na tuna yadda mu a gida muke sayar da fankon galan ga duk mai saye, mu dawo muna kukan jabu ya yi yawa. Mma dai ba ta yafe ba, tana ta mita da Kotokolanci har ya wanke hannu.

Kafin ya tafi ya ba ni umarni biyu. In na sha doguwar tafiya, kada in kashe mota nan take, in ba ta minti biyu tobo ya huce, kada mai ya ƙone a cikinsa. A kan dutse kuma kada in bar ta tana nishi a babbar giya ina danna totur, irin wannan inji ba ya son haka. Ya juya wajen Baba ya ce, “Wannan aikin kunne ne, Baba. Kunnenka ya fi na Hajiya. Kai za ka faɗa masa lokacin sauke giya.” Na miƙa masa abin da ya sawwaƙa, ya tura hannuna, ya ce in mun isa a ce wa mai jiki yana gaishe ta.

Washegari rana na fitowa muka yi sallama. A bakin unguwa matasa sun gitta gungumen itace, fuskokinsu duk gajiya. Mma ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga gaban motar tana tafiya a ƙafa, ni ina binta a giya ɗaya. Ban ji abin da ta faɗa musu ba, na dai ga tana nuna wannan tana nuna wancan, da alama ta san uwar kowa. Suka janye itacen, ɗaya har ya leƙo ya ce, “Allah ya ba shi lafiya.” A fitar gari sojoji suka tsayar da mu, suka buɗe but, suka duba takardu. Babbansu ya dubi Baba ya tambaya da Hausa ina za mu. Baba ya ce, “Yayata ce ba lafiya a Dapango.” Ya miƙo takardun ya ce mu yi sauri kafin rana ta yi.

Bayan Sokode hanya ta fara hawa. Manyan motoci suna jere a gefe tun kwanakin da aka rufe hanya, direbobi sun shanya wanki a jikin taya. Baba ya rufe ido ya karkata kai wajen inji. “Sauko uku, Uwani. Yauwa. Riƙe ta nan. Kada ki ƙara.” Wallahi kafin ni in ji motar ta fara nauyi shi ya riga ya ji. Haka muka haye duwatsun Bafilo, muka sha fetur a Kara, muka sake wani hawan mai karkace-karkace bayan Niyamtugu, inda na ga wata tirela kwance a rami na ƙara riƙe sitiyari. A Mango muka tsaya salla, na sayi shinkafa da wake da suke kira wace, da yaji baƙi mai daɗin gaske. Na zaro geji na duba, man yana daidai layinsa. Baba ya murza a yatsa, ya daɗe yana murzawa.

“Man nan naki,” ya ce, “ba shi da laifi.”

Na ce, “To, Baba.”

“Da mun bi ta Jugu kuma...”

Na ce, “Baba, ci abincinka.” Ban iya bari ya ƙarasa ba. Duk haushin da na tara kwana biyar ban san inda ya tafi ba, tausayinsa kawai nake ji.

Daga nan ƙasa ta miƙe, gonakin dawa da gero kamar na gida, garken shanu, mata da zabi a kwando a kan keke. Na kira Idi sau uku wayar ba ta shiga ba. La'asar sakaliya muka shiga Dapango, muka yi tambaya a bakin kasuwar shanu, wani dattijo ya hau babur ya ja mu har ƙofar gidan. Abin da na fara dubawa ko akwai tabarmi da mutane a waje. Babu, sai awaki biyu.

Na tsaya, na bar motar a silo kamar yadda Fuseni ya ce. Baba bai jira ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ko sandarsa bai ɗauka ba, yana lalube bango yana kwaɗa sallama. Ni kuwa na zauna ina kallon agogo. Ban taɓa ganin minti biyu masu tsawon waɗannan ba.

Da na shiga na same shi zaune a ƙasa gefen katifarta. Gwaggo ta rame ƙwarai, bakinta ya karkace, amma idonta biyu. Ya riƙe hannunta mai lafiyar ya kusanto da fuskarsa dab da tata don ya gan ta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan da ƙyar ta ce, “Auta. Me ya tsare ka?”

Na ɗauka zai ce rikici ne, ko mota. Ya ce, “Ni na tsare kaina, Yaya. Uwani ce ta kawo ni, da waɗansu bayin Allah a Sokode.”

Ta ce, “Ka ci abinci?”

Nan Baba ya fashe da kuka, tsoho da gemunsa, ni ma na bi shi, Idi ya fita waje.

A ranar ta karɓi koko daga hannunsa, cokali shida, bayan ta yi kwana biyu tana kawar da kai. Ya isar mata da gaisuwar Fuseni, ta sa masa albarka ba ta san shi ba. Suna hira da rabin baki, suna ambaton mutanen da duk duniya ba wanda ya san su sai su biyu. Rana ta huɗu da hantsi ta cika, hannunta a cikin nasa, shi ya rufe mata ido. Allah ya jiƙanta da rahama.

Ina yawan tunanin abin da zai faru da an zuba man kwalbar nan, ko da mun hau dutse da wancan ina murna wai ya ƙaru. Da muna gefen hanya muna jiran tobo daga Lome sanda Idi zai kira. Mma da Fuseni ba dangina ba ne, garinsu yana cikin tashin hankali, kowa yana ta kansa, amma suka tsaya mana. Har in mutu ba zan daina yi musu addu'a ba. Kwana uku cur Baba ya samu da yayarsa, kuma wallahi ban raina su ba.